Tarwada Na Shaƙar Iska, Amma Wa Zai Wanke Mata Ruwa? Martani Kan Famfon Tankin Kifi

Wani marubuci mai bibiyar harkar noma da kiwo ya fitar da sharhi kwanakin baya, yana kira ga matasan Birnin Kudu da Gwaram da su rungumi kiwon tarwada a cikin gida. Kira ne mai kyau, kuma ya zo a kan gaɓa. Duk wanda ya zaga unguwannin Birnin Kudu, ko ya leƙa bayan gidaje a Gwaram da Sara, zai ga tankunan siminti da na tamfol sun fara samun gurbi kusa da turken awaki da akurkin kaji. Ma'aikaci na neman abin da zai tallafi albashi, wanda ya gama hidimar ƙasa na neman madafa, matan aure ma sun shigo ciki da ɗan jarinsu na adashi. Da marubucin ya tsaya a nan, da sai godiya. Amma da ya iso kan batun ruwa, sai ya ba da shawarar da za ta iya cinye jarin duk wanda ya bi ta.

A taƙaice ga abin da ya ce. Tarwada tana da taurin rai, tana shaƙar iska kamar dabbar tudu, tana rayuwa a taɓo, saboda haka kashe kuɗi wajen sayen famfo mai ƙarfi almubazzaranci ne. A ganinsa, ɗan ƙaramin famfon nan da ake sakawa a akwatin gilashi na kifin ado, wanda aka rubuta lita 1,000 a awa a jikin kwalinsa, ya ishi tankin gida, sauran kuɗin kuma a zuba su a abinci. Har ya kafa hujja da wani tanki da ya ziyarta, inda ya ga ruwa garau, 'ya'yan kifi suna ta kai da komo, ɗan famfon yana aikinsa ba ƙara.

Ba wanda ke musa masa abin da idonsa ya gani. Tambaya ɗaya ce bai yi wa mai tankin ba: kifin nan watansu nawa?

A fara da inda yake da gaskiya. Tarwada tana da wata tsoka mai rassa a cikin kanta, sama da kafofin numfashinta, wadda ke ba ta damar hawowa saman ruwa ta haɗiyi iska. Shi ya sa take rayuwa a ruwan da karfasa za ta mutu a ciki cikin dare ɗaya, shi ya sa kuma mai talla ke yawo da ita a baho da ɗan ruwa tun safe har la'asar. Sai dai tsokar ba ta nuna sai kifi ya yi makonni da ƙyanƙyashewa, kafin nan ɗan tarwada da iskar da ke cikin ruwa yake rayuwa kamar kowane kifi. Sannan kifin da ke binne kansa a busasshen taɓo ya yi watanni yana jiran damina, gaiwa ce, kowane masunci a Haɗeja ko Nguru zai faɗa. Tarwadar kududdufi takan jure ƙarancin ruwa da laka mai danshi, amma a kududdufin daji ba wanda ke watsa mata kilo-kilo na abinci safe da yamma, kuma ba a cusa ɗaruruwanta a fili mai taku biyu.

A nan ne lissafin marubucin ya karye, domin abin da ke kashe tarwada a tanki yawanci ba ƙarancin iska ba ne. Dattin jikinta ne. Abincin tarwada na buhu cike yake da sinadarin gina jiki, wajen kashi 35 zuwa 45 cikin ɗari, kuma abin da jikin kifi bai yi amfani da shi ba yakan fito a matsayin amoniya, mafi yawansa ta kafofin numfashi, ya narke cikin ruwan da kifin ke ciki. Ma'aunin da masana kiwon kifi ke aiki da shi shi ne kimanin giram 30 na amoniya daga kowane kilo ɗaya na abinci. Amoniya ba ta da launi. Ruwa zai iya zama garau a ido alhali yana ƙona kifi.

A ɗauki tanki irin wanda ake ginawa a gidaje, tsawo mita 2, faɗi mita 1.5, zurfin ruwa mita 1. Wannan lita 3,000 ke nan. A zuba 'ya'yan tarwada 300 masu giram 10 kowanne. Nauyinsu duka kilo 3 ne, abin da za su ci a rana bai wuce giram 150 ba, amoniyar da za su fitar kuma ba ta kai giram 5 ba. A wannan mataki kusan kowane irin famfo zai nuna kamar yana aiki, kai ko babu famfon ma, sauya ruwa jefi-jefi zai rufa asiri. Wannan ne tankin da marubucin ya gani. Bayan wata huɗu, idan Allah ya sa albarka, kifin sun kai rabin kilo kowanne. Nauyinsu ya zama kilo 150, suna cin wajen kilo 3 a rana, suna zuba amoniya kusan giram 90 a cikin lita 3,000 ɗin nan dai. Tanki bai ƙara faɗi ba, famfo bai ƙara ƙarfi ba, datti kuwa ya ninka kusan sau ashirin.

Masu kiwo sun san yadda safiyar wata na huɗu take idan ruwa ya fi ƙarfin famfo. Tun daga zaure wari ke tarbar mutum. Kumfa ta kwanta a kusurwoyin tanki, kifi sun miƙe tsaye a saman ruwa, gashin bakinsu a waje, ba su gudu ko da an matso. A watsa abinci, maimakon rububin da aka saba ji har maƙwabta, sai ƙwayoyin su yi ta yawo a sama suna kumbura. A ɗago ɗaya, sai a ga cikinsa ya yi ja, gashin baki ya fara guntulewa. Mai tanki ya ruga kantin magani ya sayo ƙwayoyi ya zuba, ya ce cuta ce ta shigo. Cutar ta zo ne daga baya, bayan ruwa ya riga ya karya garkuwar jikin kifin.

Yanayin kudancin Jigawa kuma ba ya sassauta wa kowa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, tankin tamfol da ke tsakar gida ba inuwa ya ɗauki zafi kamar an ɗora a murhu. Amoniya kashi biyu ce a cikin ruwa, akwai mai sauƙi akwai mai guba, kuma kason mai gubar yana ƙaruwa da zafi da kuma gardin kanwa na ruwan. A digiri 30, idan ma'aunin wannan gardi, wato pH, yana kan 7, mai gubar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ya hau zuwa 8, sai ta haura kashi bakwai. Ga shi ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai: lita ɗaya a digiri 20 tana ɗaukar kimanin miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa kimanin 7.5. Lokacin da kifi suka fi ci suka fi girma shi ne lokacin da ruwa ya fi saurin lalacewa.

Marubucin zai iya cewa ai ya ambaci filta. Ya ambata, amma kamar ya ɗauka aikin filta shi ne tace kashin kifi kawai, kamar rariya. Tace daskararren datti matakin farko ne. Babban aikin wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, masu zama a jikin tsakuwa ko soso ko gutsattsarin roba da aka cika durom da su. Su ne ke juya amoniya ta koma naitirait, wadda ita ma guba ce mai hana jinin kifi ɗaukar iska, sannan su juya ta zuwa naitiret mai sauƙin illa. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu sosai, kuma ba su aiki sai da oksijin: kowane giram na amoniya yana cin kimanin giram 4.5. Giram 90 ɗin nan na wata na huɗu yana buƙatar oksijin kusan giram 400 a rana. Duk oksijin da lita 3,000 za su iya riƙewa a digiri 30 bai kai giram 25 ba. Dole ke nan ruwan ya yi ta zagayawa, yana zuba yana tarwatsewa yana ɗibar iska, sau da yawa a yini. Tarwada za ta hau sama ta shaƙi iska in ta matsu. Ƙwayoyin da ke cikin durom ba su da wannan dama, abin da famfo ya kai musu shi ne rabonsu.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun wajajen 1980 masu bincike a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan suka duƙufa kan tarwadar Afirka, har manoman can suka riƙa kiwonta a cikin rufaffun ɗakuna, suna tara ɗaruruwan kilo a mita ɗaya murabba'i mai zurfin mita. Kifin dai shi ne namu, shaƙar iskarsa ita ce dai. Abin da ya ba su wannan cinkoso shi ne ruwan da ba ya tsayawa dare da rana. Ƙa'idar da aka saba bi a irin wannan tsari ita ce duk ruwan tanki ya ratsa filta aƙalla sau ɗaya a awa. Tankin lita 3,000 yana son lita 3,000 a awa a bakin filta. Ko da ɗan famfon marubucin ya cika alkawarin da ke jikin kwalinsa, sulusin buƙata ya biya.

To kuma ba zai cika ba, wannan ne kuskure na biyu. Lambar da ke jikin kwali an auna ta ne a lokacin da famfo ke fitar da ruwa daidai bakinsa, bai ɗaga shi ko taƙi ɗaya ba. Kusa da ita akwai wata lamba da mutane ba su cika kallo ba. Ta farko ana rubuta mata Qmax, iyakar yawan ruwa. Ta biyu Hmax, iyakar tsayin da famfon zai iya kai ruwa, kuma a wannan tsayin abin da ke fita sifiri ne. Famfo ba ya ba da lambobin biyu a lokaci ɗaya. Mai garuwa da ke yin sawu ashirin a shimfiɗaɗɗen lungu ba zai yi ashirin ba idan aka ce ya riƙa hawa bene da jarkokin. Ƙananan famfunan lita 1,000 galibi iyakar tsayinsu mita ɗaya da rabi ne ko kusa da haka. Idan bakin durom ɗin filta ya ɗara saman ruwan tanki da mita 1.2, abin da zai zubo ba zai kai sulusin abin da aka rubuta ba. Tankin da ke neman lita 3,000 ya koma yana samun ɗari biyu ko uku.

Hirar da ake yi a shagunan kayan ruwa, ko a Ƙofar Ruwa a Kano ko a nan gida, kusan iri ɗaya ce. Saurayi ya shigo ya gaisa, ya ce, "Alhaji, famfon tankin kifi nake so." Alhaji ya sauko da kwali ya ce, "Ga wannan, ɗan'uwa, dubu ɗaya yake bayarwa a awa. In kuma mai ƙarfi kake so, ga rabin doki." Mai shago bai yi ƙarya ba, abin da aka rubuta ya karanta. Da saurayin ya ce, "Alhaji, in zai ɗaga ruwa mita ɗaya da rabi, lita nawa zai ba ni?" da sun juya kwalin tare sun duba ɗan zanen da kamfanoni na ƙwarai ke bugawa, mai nuna yadda ruwa ke raguwa da ƙaruwar tsayi. Kwalin da ba shi da zanen, ba shi da Hmax, a mayar da shi kan kanta. Ga tankin da aka yi misali da shi, famfon da aka rubuta wa lita 5,000 zuwa 6,000, mai iyakar tsayi mita 3 ko fiye, shi ne zai iya kai lita 3,000 bakin durom.

Bututu ma yana cin nasa rabon. Mutum ya sayi famfo mai kyau, sannan ya haɗa masa siririyar mesa ta rabin inci don ita ce a gida, ya lanƙwasa ta sau uku kafin ta kai durom. Bututun inci ɗaya ya ninka na rabin inci sau huɗu a faɗin hanyar ruwa, kuma kowace kwana da kowane gansakuka da ya taru a ciki yana rage gudu. Gwajin da zai raba gardama ba ya buƙatar injiniya. A tara jarka mai lita 20 a inda ruwa ke zuba cikin filta, a duba agogon waya. Ta cika a daƙiƙa 24, ana samun lita 3,000 a awa. Ta ɗauki minti ɗaya, lita 1,200 ne. A maimaita gwajin duk mako biyu, domin ranar da jarka ta fara jinkirin cika, ranar ce ya kamata a kwance famfo a wanke farfelarsa. Da marubucin ya tara jarka a tankin da ya ziyarta, da sharhinsa ya fito da wata fuska.

Kada wani ya karanta wannan ya ce to a sayi mafi girma a huta. Marubucin yana da gaskiya da ya ji tsoron ɓarnar kuɗi, inda ya kuskure shi ne wurin da ya nemi sauƙin. Rabin dokin da Alhaji ya nuna, irin wanda ake kafawa don tura ruwa zuwa tankin saman gida, yana cin wuta wat 370, amma ruwan da yake bayarwa bai cika wuce lita 2,000 da 'yan kai a awa ba, domin an ƙera shi ne ya kai ruwa kaɗan sama da nisa, wajen mita 30. Famfon da aka ƙera don zagaya ruwan tanki, mai nutsewa a ciki, yana iya ba da ninki biyu na wannan da wat 50 zuwa 100, saboda tsayin da yake ɗagawa kaɗan ne. Ƙarfin doki bai gaya wa mai kiwo komai game da ruwan da zai isa filtarsa. Famfon da ya wuce kima kuma yana wahalar da ƙananan kifi, su yini suna kokawa da igiyar ruwa, abincin da ya kamata ya zama tsoka ya tafi a iyo. Yakan kuma farfasa kashin kifi ya zama gari, ya wuce ta filta ya dawo.

Akwai aiki biyu da sharhin ya cakuɗa, kuma a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram raba su wajibi ne. Zagaya ruwan tanki daban, ɗago sabon ruwa daga ƙasa daban. Kudancin Jigawa a kan tsohon dutse yake zaune. Duwatsun da suka fitar da sunan Birnin Kudu, Dutsen Habude da Dutsen Mesa masu zanen shanu na mutanen da, danginsu ne ke shimfiɗe a ƙarƙashin gidaje. Can arewa maso gabashin jihar, wajen Haɗeja, ƙasar yashi da yumɓu ce ta kwarin Chadi, ruwa na kwance cikin yashi. A nan kuwa ruwa na maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen sama da tsagogin da ke ƙasa, shi ya sa rijiyar burtsatse ɗaya za ta yi ambaliya, ta maƙwabci kuma ta riƙa tsiyaya. Wanda ya jefa sumo, wato famfon da ake nutsarwa cikin rijiya, mai ƙarfin da ya fi abin da rijiyarsa ke tarawa, zai kwashe ruwan cikin mintuna, injin ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone, musamman a Afrilu da Mayu da ruwan ƙasa ke ja baya. Mai haƙa rijiya ya san lita nawa take bayarwa a awa, a tambaye shi kafin a sayi sumo. Injin da ke zaune a bakin rijiya yana zuƙowa kuma, komai girmansa, ba ya jawo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8. Wannan iyaka ce ta nauyin iskar duniya, ƙarin doki ba ya ɗage ta.

Sai batun wuta, wanda marubucin ya wuce shi da jimla ɗaya. Filta mai rai tana son ruwa ya gudana awa ashirin da huɗu. Idan famfo ya tsaya na awanni masu yawa a cikin zafi, ƙwayoyin da aka yi mako shida ana reno za su shaƙe, kuma ranar da wuta ta dawo ruwan da ya ruɓe a durom ne zai fara zubowa kan kifi. Mutanen Arewa ba su manta Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta bar yawancin jihohin yankin cikin duhu fiye da mako guda. Janareta kuwa ya daina zama mafita mai sauƙi tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A nan ne zaɓen famfon da ya dace ke biyan kuɗinsa. Mai wat 60 yana cin abin da bai kai yunit ɗaya da rabi ba a yini da kwana, abin da madaidaicin sola da batir za su ɗauka. Rabin doki zai ci kusan yunit tara. Wanda zai kafa filta ya lissafa faifan sola da batir a cikin jarinsa tun farko, ya kuma ajiye famfo na biyu a ɗaki, domin daga Gwaram zuwa Kano da dawowa yini ne, kifi kuma ba su jira.

Wanda ba shi da halin wannan, akwai hanyar da yawancin masu kiwo a Najeriya ke bi: ba filta, sai sauya ruwa. Hanya ce mai kyau idan ruwa ya wadata. Amma ita ma tana da lissafinta. Sauya rabin tankin lita 3,000 yana nufin lita 1,500, jarka 75 ke nan, kuma a watannin ƙarshe kullum ne, wani lokaci safe da yamma. Famfon da ke ba da lita 300 a awa zai kwashe awa biyar yana cikawa, kifi na cunkushe a rabin ruwa. Idan rijiya ba za ta iya ba, maganin shi ne a rage yawan kifi, 100 maimakon 300, su girma da kyau. Ruwan da aka zubar kuma taki ne, ya fi dacewa da gindin zogale, alayyafo da ayaba a bayan gida, ba kwatar lungu ba, inda zai haɗa mutum faɗa da maƙwabta ya kuma tara sauro.

Hujjar marubucin mafi ƙarfi ita ce ta kuɗi, kuma ita ce ta fi juyowa kansa. Gaskiya ne abinci ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin kiwon tarwada, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Amma kifin da ke cikin gurɓataccen ruwa ba ya ci sosai, abin da ya ci kuma ba ya zama nama yadda ya kamata. Buhun da aka saya da kuɗin da aka tsuke daga famfo zai ƙare ne a gindin tanki yana ruɓewa, yana ƙara amoniyar da ta hana a ci shi. Famfo sau ɗaya ake saye ya yi zagaye da yawa na kiwo, abinci kuwa kowane mako ne. Kuma asarar ba ta zuwa a wata na farko da jari bai shiga ba. Tana zuwa ne bayan an zuba kuɗin buhu-buhu, saura makonni a kira masu gasa kifi da masu banda su zo su auna. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Matar da ta kwashi adashinta ta zuba a tanki ba ta da wani jari na biyu da za ta gyara kuskuren da shi.

Ɗan famfon da marubucin ya yaba yana da wurinsa, kuma a can ba shi da laifi. Akwatin gilashi na lita 60 da ke falo ko ofis, mai 'yan jajayen kifaye na ado, ana so ruwansa ya zagaya sau huɗu zuwa shida a awa, wato lita 240 zuwa 360, tsayin da za a ɗaga kuma bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba. A nan famfon lita 1,000 ya ma yi yawa, sai an rage masa gudu. Kifin ado ɗan tsunkule ake ba su a rana. Ɗaukar kayan aikinsu a kai wa tarwada 300 masu cin kilo uku shi ne abin da ba zai yiwu ba.

Najeriya na sahun gaba a duniya wajen kiwon tarwadar Afirka, kuma ilimin nan yana kusa. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, akwai sashen nazarin kiwon kifi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, akwai malaman gona na hukumar aikin gona ta Jigawa, JARDA, da ke shiga ƙauyuka. Ya kamata duk shirin da zai raba wa matasa tamfol da 'ya'yan kifi a Birnin Kudu da Gwaram ya haɗa da yini guda na koyar da auna tanki, karanta Qmax da Hmax, da gwajin jarka, ya kuma samar da ɗan kayan gwajin amoniya a kusa, ba sai an je Kano ba.

Shi kuma malam marubuci, alƙalaminsa na da masu saurare, kuma wasu sun riga sun sayi ɗan famfon saboda maganarsa. Ana roƙonsa ya koma wancan tanki idan kifin sun cika wata huɗu, ya tafi da jarka mai lita 20, ya auna abin da ke zuba a bakin filta, ya tambayi kilo nawa ake ci a rana, sannan ya rubuta wa masu karatunsa abin da ya samu. Wanda kuma yake shirin zuba 'ya'yan kifi a wannan kaka, ya auna tankinsa da tsayin durom ɗinsa da ƙarfin rijiyarsa tukuna, ya sayi famfon da zai ɗauki nauyin wata na huɗu, kafin ya biya kuɗin kifi ko ɗaya.